Eka 580 da Eka 107: Wanne Ne Babba?

Direban Orlando: Assalamu alaikum 'yan gida. Wani musu na kwaso a bakin aiki jiya, na ce ba zan ci ni kaɗai ba. Na ɗauko wani bawan Allah da iyalinsa daga filin jirgi, muna tafe yana zayyana mini yadda suka tsara hutunsu: a wuraren wasan Disney na nan Orlando, kwana biyu cur a Animal Kingdom mai namun daji, Magic Kingdom kuwa rabin yini. Hujjarsa wai ya karanta cewa na farkon eka 580 ne, na biyun eka 107 kacal, to me zai zauna yi a ɗan ƙaramin wuri. Na ce masa Oga, juya lissafin za ka yi. Ya ce lamba ba ta ƙarya. Har na sauke su a otal ba mu daidaita ba. Ni dai na daɗe ina jigila a hanyoyin nan, na san ƙofar da mutane ke fitowa tun la'asar sun gama, na san wadda suke kai wa dare ba su ga rabi ba. Amma in aka ce in kafa hujja da biro da takarda, nan fa ɗaya. Safiyo, kana kusa?

Safiyo: Wa alaikumus salam. Ina nan, Yaya. Fasinjanka ya yi gaskiya, lamba ba ta ƙarya, sai dai mai awo yana kafa turakunsa inda ya ga dama. Mu a aikinmu kafin ka faɗi girman fili sai an tambaye ka: daga ina zuwa ina? Wannan 580 ɗin ta Animal Kingdom ta haɗiye dajin safari da ake kira Kilimanjaro Safaris, wanda shi kaɗai wajen eka 110 ne. Wato dajin nan kawai ya ɗara Magic Kingdom ɗungurungum. Kuma ba ka sa ƙafa a cikinsa, babbar mota ce za ta zagaya da ku kamar minti ashirin ta dawo da ku. Ga garken da dabbobin ke kwana, ga wurin kula da lafiyarsu, ga kurmin da aka bari tsakaninsu da hayaniyar mutane. Duk eka ne, amma ba eka ne na baƙo ba.

Ita ma 107 ɗin ba saukakkiya ba ce. Wasu 142 suke rubutawa ga Magic Kingdom ɗin. Wuri ɗaya, lamba biyu, saboda wani ya tsaya a inda baƙi ke tafiya, wani ya haɗa da bayan fage.

Kawu: Ku yi mini da Hausa don Allah. Ni eka ba ta zama a kaina. Fuloti nawa ke nan?

Safiyo: Ranka ya daɗe, eka ɗaya ƙafa 43,560 ce murabba'i. Fulotinmu na hamsin da ɗari ƙafa 5,000 ne. Ka ga eka tana ba da fuloti takwas da ɗoriya, in ba a cire titi ba. Magic Kingdom a kan 107 zai kai fuloti 930 ko kusa da haka. Animal Kingdom ya haura 5,000.

Kawu: Innalillahi. Fuloti dubu biyar don raƙumin dawa ya sha iska. Mu nan ana shari'ar shekara goma a kan rabin fuloti.

Maman Biyu: Kawu ka bari kawai. Direba, ni na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. Mun je da yara, Animal Kingdom yini ɗaya ya ishe mu har da hutawa a inuwa. Magic Kingdom kuwa duk inda ka juya akwai abin shiga, wannan na manne da wancan kamar rumfunan kasuwa, ga layi ko'ina. Kwana biyu muka yi, kuma yaran sun tafi da sauran buri. Wanda ƙafata ba za ta manta ba shi ne EPCOT, wani wurin wasan Disney a Orlando ɗin. An ce eka 305 ne, amma tsakiyarsa tafki ne, sai dai ka zagaye shi ta gefen rumfunan ƙasashen nan goma sha ɗaya. Zagayen ya fi mil ɗaya. Da muka iso ta wajen Maroko na ce wa maigidan ni fa na yi hijira, a nan za a same ni.

Injiniya: Hajiya, tafkin nan naki wajen eka 40 ne, kuma yana cikin 305 ɗin. Shi ya sa nake ganin tun farko ba a ɗauko ma'aunin da ya dace ba. Eka ta manomi ce da dillalin fili. Mai irin wannan wuri abin da ke hana shi barci shi ne mutum nawa zai iya haɗiyewa a awa guda ba tare da sun tsaya suna kallon ƙeyar juna a layi ba. Ku duba ƙiyasin masu shiga na 2023, wanda TEA, ƙungiyar masu harkar wuraren wasa, ke fitarwa, tunda Disney ba ya bayyana nasa alƙaluman: Magic Kingdom ya haura mutum miliyan 17, Animal Kingdom bai kai miliyan 9 ba. Wanda ya fi ƙanƙanta sau biyar ya ɗauki ninki biyu. To wanne ne babba?

Safiyo: Injiniya, kada ka haɗa girma da cika. Motar haya ta ɗauki mutum goma ba ta zama tirela ba.

Injiniya: Kuma tirelar da babu kaya ba ta ciyar da direba.

Direban Orlando: Wannan kam ni zan ba da shaida.

Admin: A ci gaba, muna saurare. A dai riƙa yi da ladabi, kuma ban da tallan turare a tsakiyar muhawara, na goge guda biyu yanzu.

Maman Biyu: Tunda masana sun hallara, ga abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Yulin 2025 an rufe kogin nan na Magic Kingdom, Rivers of America, da tsibirin da ke tsakiyarsa da jirgin ruwan da ke zagayawa, za a cike wurin a gina sashen motocin fim ɗin Cars. Ina ta ganin ana kiran abin faɗaɗawa. Ta yaya za ka cike kogin da ke cikin gidanka ka ce ka faɗaɗa gida? Katanga ba ta matsa ba ko taku ɗaya.

Kawu: Yauwa 'yata, yanzu kika zo inda na iya. Mu a gini abu uku ne. In ka sayi kangon maƙwabci ka rushe katangar tsakani, ka faɗaɗa. In ka rushe ɗakin girki ka tayar da ɗakin amarya a gurbinsa, ka yi canji, kuma uwargida ba za ta taɓa kiransa ci gaba ba. In kuwa fenti ka shafa ka canza labule, kwaskwarima ka yi. Duk wanda ya haɗa ukun nan a suna ɗaya, to akwai abin da yake son sayar maka.

Safiyo: Kawu ya gama magana. Ni ma'aunina ke nan: shinge ya matsa ko bai matsa ba? Lilon TRON, wato abin hawa na wasa, da aka buɗe a Magic Kingdom a Afrilun 2023 faɗaɗawa ce, domin an tsallaka layin dogon da ya kewaye wurin aka gina shi a inda baƙo bai taɓa takawa ba. Sashen mugayen tatsuniyoyin Disney da aka sanar a 2024, wanda za a yi a bayan lilon Big Thunder, shi ma in an gina shi faɗaɗawa ce, sabon fili ne. Amma lilon ruwa na Splash Mountain da ya koma Tiana's Bayou Adventure a 2024, dutsen nan ne, magudanar ruwan nan ce, kwale-kwalen na bin hanyar da ya saba. Wannan labulen Kawu ne aka canza.

Injiniya: A kan Tiana ban ja ba. A kan kogin ne zan ja da ku, Hajiya da Safiyo. Tsibirin nan sai da kwale-kwale ake tsallaka masa, 'yan kaɗan ke zuwa, akasarin masu tikiti wucewa suke ta bakin ruwan. In aka mai da wurin ƙasa aka kafa lilo biyu da dubbai za su shiga kullum, filin da ƙafar baƙo ke takawa ya ƙaru, abin da wurin ke iya ɗauka ya ƙaru. Katangar waje ba ta motsa ba, amma gidan ya ƙara ɗakuna. Kawu, in tsakar gidanka akwai kududdufi ka cike shi ka yi ɗaki uku, me ka yi?

Kawu: Na yi ɗaki uku, na rasa iska. Ka zo gidan da bazara ka ji.

Maman Biyu: Allah ya ja da ranka Kawu, abin da na kasa faɗa ke nan. Injiniya, ruwan nan ba zaman banza yake ba. Shi ne wurin da ido ke hutawa. Ko ba ka hau jirgin ba, kana tafe a gefensa kana jin sanyi a ranka, hayaniya ta ragu. Lissafinka na mutum nawa a awa ba ya ƙirga wannan, domin ba a kafa masa layi.

Injiniya: Na yarda ba ya ƙirgawa. Amma ki tambayi uwar da ta tsaya awa ɗaya da rabi da goyo a layi ko za ta zaɓi kallon ruwa ko a rage mata minti talatin.

Maman Biyu: Ni ce uwar. Kuma ban ga tabbacin za a rage ba. Sabon abu sababbin mutane yake jawowa. Ka ƙara titi, motoci su ƙaru.

Auta a Japan: Salamu alaikum iyayena da yayyena, na shigo a makare, yanzu na fito daga aji. Ku ba ni dama in kawo misalin da ba musu a kansa. Fantasy Springs a Tokyo DisneySea, wurin wasan Disney na nan Japan, an buɗe shi 6 ga Yunin 2024. Wurin ajiye motoci ne a da, aka fasa shi aka yi sabon sashe mai lilo huɗu da otal a ciki, kuɗin ya kai yen biliyan 320. Ba a rushe wa kowa abin da yake so ba, shinge ya matsa, wurin ya ƙara ɗaukar mutane. Ma'aunin Yaya Safiyo ya cika, na Yaya Injiniya ya cika, Anti ma ba a taɓa mata ruwanta ba. Kuma ku sani wuraren Tokyo ba mallakar Disney ba ne, na kamfanin Oriental Land ne, lasisi suke biya. Girman aikin kadada 14.

Direban Orlando: Ashe daidai yake da Galaxy's Edge namu na nan, sashen fim ɗin Star Wars. Shi ma 14 ne.

Safiyo: Tsaya Yaya, tsaya! Ga ramin da nake gudu. Auta, 14 ɗinka hekta ce, murabba'in mita 140,000. Ta Yaya eka ce. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, don haka na Tokyo wajen eka 35 ne, ya ninka Galaxy's Edge sau biyu da rabi. Kalmar kadada ce ta yaudare mu, don a rediyo za ka ji an kira eka kadada, an kira hekta kadada. Ina roƙo a wannan muhawarar a ajiye ta gefe, a ce eka ko hekta.

Sannan Auta, ko 14 ɗin taka ba duka ne na baƙo ba. Kamfanin da kansa ya ce wajen hekta 10 ne fak, wato wurin wasan, da otal, ragowar bayan fage ne. Ka ga cutar da muka fara da ita ta bi mu har Japan.

Auta a Japan: Na karɓi gyara, Yaya. Amma dai ko a hekta 10 ɗin mun fi ku.

Direban Orlando: Ji yaro, wai "mun fi ku". Shekara biyu da zuwa har ka zama ɗan gari.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Mu da muka tashi da hekta da mita wannan rikici bai shafe mu ba, ku 'yan Najeriya ne kuka gaji ƙafa da eka wajen Ingilishi. Ni ina zaune kusa da Paris, bari in kawo namu. Fak ɗin Disney na biyu na nan, Walt Disney Studios, an buɗe shi a 2002, shekara goma bayan na farko, kuma kowa ya san ƙarami aka yi shi, abubuwan ciki ba yawa. A 2018 aka sanar da zuba yuro biliyan 2, aka haƙa tafki, aka shimfiɗa doguwar hanya zuwa gare shi, ga sashen fim ɗin Frozen a bakin ruwan, har sunan wurin aka ce ya koma Disney Adventure World. A ma'aunin Malam Safiyo wannan faɗaɗawa ce ta gaske, shinge ya yi nisa sosai. Amma babban rabon sabon filin ruwa ne da lambu da hanya. To Malam Injiniya, kai da kake ƙirga lilo, me za ka kira shi? A Florida ana cike ruwa a ce an faɗaɗa, a Faransa ana haƙa ruwa a ce an faɗaɗa.

Injiniya: Ka kama ni a nan, Malam. Zan ce faɗaɗawa ce, domin hanya da bakin tafki su ma suna ɗaukar mutane. Wanda ke zaune a benci yana shan abin sanyi ba ya cikin layi. Amma da zan ba da maki, sai in ce filin ya girma fiye da abin da ke cikinsa, kamar yaron da aka ɗinka wa babbar riga don ya girma a ciki.

Maman Biyu: Injiniya, maimaita don Allah. Bakin tafki yana ɗaukar mutane? To kogina fa?

Injiniya: Hajiya, na ce yana ɗauka, ban ce ya kai lilo biyu ba.

Kawu: An kama ɓarawo da akuya ya ce ai ƙarama ce.

Safiyo: Tunda ana kama mutane, bari in kama kaina kafin a kama ni. Akwai inda ma'aunina na shinge yake yin tuntuɓe. Disneyland na California, na asali da aka buɗe 17 ga Yulin 1955, gari ya kewaye shi ta ko'ina, ba kamar Florida ba inda Disney ke da wajen eka 25,000. Saboda matsi sai suka koyi dabara. Gidan fatalwan nan, Haunted Mansion, ginin da kake gani daga waje ba a cikinsa abin yake ba. Ɗakin farko da ake shigar da ku lifta ce, ta sauke ku ƙasa, ku bi ta ƙarƙashin layin dogo, ku ɓulla wani ƙaton gini da ke wajen shingen. Lilon Indiana Jones da aka buɗe a 1995 haka ne, an gina shi a tsohon wurin ajiye motoci, shi ya sa hanyar layinsa ke da tsawo, tafiya ce ake yi da kai zuwa waje ba ka sani ba. A taswirar da ake ba baƙi, wurin bai ƙaru ba. A hoton sama, ya ƙaru. To wanne shingen zan auna?

Galaxy's Edge ma da Yaya ya ambata, suna ɗaya ne, eka 14 nan 14 can, amma labarin ya bambanta. A California an ci bayan fage da wani ɗan sashe mai suna Big Thunder Ranch, an gajarta kogi, an karkatar da layin dogo, wurin ya girma da gaske. An daɗe ana cewa Disneyland eka 85 ne, yanzu ana rubuta kusan 100. A Hollywood Studios na Florida kuwa rushe Streets of America aka yi da dandalin wasan motoci aka ɗora shi a kai. Abu ɗaya, a wani gari faɗaɗawa, a wani gari ɗakin amaryar Kawu.

Auta a Japan: Yaya, in ana ƙirga abin da ba a gani, Magic Kingdom fa bene ne. Akwai hanyoyin ma'aikata a ƙarƙashinsa, baƙi a hawa na biyu suke yawo. Ƙasar da aka haƙo daga tafkin gabansa aka tara a kai. Sai a ninka masa eka ke nan?

Safiyo: A'a. Mai bene ba ya ce fulotinsa biyu ne. Kuma hanyoyin ba su mamaye ƙarƙashin wurin duka ba.

Direban Orlando: Ni kuma bari in kawo maƙwabta, kada a ce Disney kaɗai muka sani. Epic Universe na kamfanin Universal da aka buɗe 22 ga Mayun 2025, kafin buɗewa kowa na cewa eka 750. Fasinjoji suna tambayata wai da gaske ya fi Animal Kingdom? Alhali 750 ɗin filin ne gaba ɗaya, da otal-otal da wurin motoci da tituna da sararin da aka ajiye don gaba. Fak ɗin kansa wajen eka 110 ake faɗa, sa'an Magic Kingdom. Kuma ko shi ɗin akwai wata tambayar: sabon fak ne mai ƙofarsa da tikitinsa, to faɗaɗawa ce ko haihuwa?

Kawu: Wannan sabon gida ne a wata unguwa. Iyali sun faɗaɗa, gida bai faɗaɗa ba.

Injiniya: Universal ɗin ma sun iya canji mai kama da faɗaɗawa. Hogsmeade, sashen Harry Potter na 2010 a fak ɗinsu na Islands of Adventure, yanki aka yanka daga sashen Lost Continent, lilon dogo biyu da ke wurin aka sake musu suna da ado, sabon babban lilo guda ɗaya aka ƙara. Diagon Alley na 2014 kuwa, shi ma na Harry Potter, a gurbin lilon Jaws aka gina shi. A ma'aunin Safiyo kusan ba abin da ya faru. Amma duk wanda ya san Orlando ya san 2010 ce ta canza wa Universal rayuwa, har ta sa Disney ya farka. In ma'auninka ya ce babu abin da ya faru a shekarar da komai ya canza, Malam, sai ka kai shi gyara.

Safiyo: Ban ce babu abin da ya faru ba. Cewa na yi ba faɗaɗawa ba ce. Abu yana iya zama mai kyau, mai riba, mai tarihi, kuma sunansa canji. Rigimata da masu talla ce da suke son kalma ɗaya ta yi musu aikin uku. Ga misalin da ya fi ba ni dariya. Six Flags Great Adventure a New Jersey: fak ne mai eka 160, a gefensa akwai dajin safari mai eka 350 da mutane ke shiga da motocinsu, kowanne da kuɗin shigarsa. A 2013 aka haɗe su a tikiti ɗaya, aka sa motocin kamfani su riƙa ɗaukar baƙi. Dare ɗaya fak ya zama eka 510, ya shiga sahun mafiya girma a duniya. Ba a sayi ko taku ɗaya na sabon fili ba.

Ɗan Damagaram: To ai wannan ya cika sharaɗinka, Malam. Shinge ya matsa.

Safiyo: ...Ya matsa a takarda.

Ɗan Damagaram: Mai tikiti ya samu shiga inda da ba ya shiga sai ya ƙara kuɗi. A wurinsa ya faɗaɗa.

Safiyo: Ka bar ni in sha ruwa tukuna.

Maman Biyu: Kafin ya dawo, in ba ku labarin da ya sa nake da zafi a kan kalmar nan. Wani wurin wasa, ba zan kama suna ba, ba ma a Amurka yake ba, suka cika gari da talla wai sun buɗe sabon sashe. Yara suka hana ni sakat, na yanki tikiti huɗu. Muna shiga babbar 'yata ta ce Mama, ai wannan jirgin ne muka hau bara, da ja ne yanzu shuɗi. Haka ne kuwa. An sa sabuwar ƙofa, an dasa furanni, an ƙara mai sayar da gurguru. Tun ranar in na ji an ce faɗaɗawa, tambayata ɗaya: me aka cire?

Injiniya: Wannan tambayar ta fi duk lissafina, Hajiya. A cire abin da aka rushe daga abin da aka gina, a ga saura. Pandora, sashen fim ɗin Avatar a Animal Kingdom, 2017, eka 12, a gurbin Camp Minnie-Mickey aka yi shi, wanda ba shi da lilo ko ɗaya, ya kawo biyu, kuma babban wasan da ake yi a can an mai da shi sashen Afirka ba a kashe shi ba. Saura mai yawa. Avengers Campus a California Adventure, fak ɗin da ke jikin Disneyland, 2021, ya cinye sashen ƙananan yara na A Bug's Land mai ƙananan lilo da yawa. A nan in kana da ɗan shekara huɗu, raguwa ka gani. Cars Land kuwa na 2012 a fak ɗin nan, eka 12 a kan wurin ajiye motoci, kusan ba a cire komai ba sai kwalta.

Kawu: Na lura duk faɗaɗawar da kuka yarda da ita a kan wurin ajiye motoci aka yi ta. To motocin ina suka koma?

Auta a Japan: Bene ake gina musu, Kawu. California Adventure ɗin kansa a kan tsohon wurin motocin Disneyland aka gina shi a 2001, motocin suka koma wani ƙaton gini mai hawa-hawa.

Kawu: Ka ji. Mota ta hau bene, ni ina ƙasa.

Ɗan Damagaram: Wata tambaya ga Malam Safiyo in ya gama shan ruwan. Waɗanda ke cikin gini fa, irin na Larabawa? Da yawa cikinmu sun fi zuwa can. Warner Bros. World na Abu Dhabi da aka buɗe a 2018 ƙafa miliyan 1.65 ne murabba'i, IMG na Dubai miliyan 1.5. Lambar ta cika baki.

Safiyo: Na dawo. Raba da 43,560. Na Abu Dhabi bai kai eka 38 ba, na Dubai wajen 34. Wato kowannensu kusan girman abin da Auta ya ce an ƙara wa DisneySea a tashi ɗaya. Sun zaɓi ƙafa ne domin miliyan ta fi talatin daɗin ji. Sai dai in yi musu adalci: eka 38 mai rufi da na'urar sanyi a watan Yuli a can ta fi eka 300 a rana amfani. Kuma ciki duk na baƙo ne, babu dajin raƙumin dawa. Zan so in ga lambar da za a faɗa in Disney ɗin da aka sanar a tsibirin Yas na Abu Dhabi a Mayun 2025 ya tashi, da kuma ma'aunin da za su zaɓa.

A kan New Jersey, Malam, na yi tunani. Na ba ka rabi. Ga baƙo ya faɗaɗa, ga ƙasa bai faɗaɗa ba.

Ɗan Damagaram: Rabin ma na gode, ba a saba samu a wurinka ba.

Direban Orlando: To jama'a, ni yanzu me zan ce wa fasinjana? Ya ba ni aikin mai da su filin jirgi ranar Asabar.

Injiniya: Kada ka ce komai. Ka tambayi matarsa da yaran inda suka so a ƙara musu kwana.

Safiyo: Ka karɓo mini taswirar takarda ta wuraren biyu in suna da ita. Ina so in ɗora su a kan Google Earth in zana iya inda ƙafar baƙo ke takawa, ban da ruwa, ban da daji, ban da bayan fage. Ina zargin tazarar ba za ta kai yadda ake zato ba, amma sai na auna.

Maman Biyu: Ban da ruwa kuma? Safiyo, ashe kai ma kana cikinsu.

Safiyo: Zan yi biyu, Hajiya, ɗaya da ruwa ɗaya babu.

Auta a Japan: Yaya, ka haɗa da DisneySea, zan turo maka tawa taswirar. Amma can fa akwai dutse mai aman wuta a tsakiya da lilo biyu a cikinsa, ban san ta inda za ka bi da shi ba.

Direban Orlando: Kira ya shigo, sai na sauke. Safiyo, in ka gama ka sa mana a fuloti saboda Kawu.